Mu Sako Gawa Mai Tafiya, Ko Mu Bar Ta Ta Huta?

Ku matso kusa 'yan uwa, maganar nan tamu ce mu kaɗai. Duk wadda a cikinmu ta taɓa zama rubuta labarin bayan rushewar duniya, garuruwa sun zama kufai, ba wuta, ba ruwan famfo, ba hukuma, sai wannan tambayar ta tsaya mata a rai: a sako zombi ko a bari? Gawawwakin nan masu jan ƙafa, baki a wangale, suna neman naman mutum. Kada wata ta ce ba su taɓa burge ta ba, ai mun san juna, hahaha!

Gaskiya suna da sauƙin sha'ani. Labari ya fara sanyi, sai ki ajiye uku a bayan ƙofa, nan take mai karatu ya gyara zama. Tun da George Romero ya fitar da fim ɗin Night of the Living Dead a 1968 ake cin wannan kasuwa, har zuwa shirin talabijin na The Walking Dead da ya fara a 2010, da Train to Busan na Koriya a 2016, wanda muka shiga don tsoro muka fito da hawaye. Uban nan da 'yarsa na cikin fim ɗin, Allah sarki.

Amma ƙawayena, inda suka yi armashi, da abin da suka ɗauko a ka. Asalin labarinsu daga Haiti yake, ƙasar jikokin bayi, kuma tsoron can shi ne boka ya tayar da mutum ya ci gaba da bauta a gonar rake, ko mutuwa ba ta 'yanta shi ba. Shi kuwa Romero, a Dawn of the Dead na 1978, cikin katafaren kanti ya zuba su suna ta zagaye, yana yi wa Amurkawa shaguɓe kan son saye-saye. Wato har a mace ba su haƙura da kasuwa ba, kai jama'a!

Sai kuma ku tuna littafin The Road na Cormac McCarthy, na 2006. Ko zombi ɗaya babu, uba ne kawai da ɗansa suna tafe cikin toka da yunwa, kuma abin da ke tayar da tsikar jiki rayayyun mutane ne da ciki ya haukata. Hmm, wannan tsoron ya fi daɗewa a ƙirji.

Ga mu nan kuma da masu karatunmu, waɗanda suka saba a wanke mamaci, a yi masa sutura, a kai shi makwancinsa da mutunci. Ki ce kakarsu ta taso tana bin su da cizo? Wallahi sai an ajiye miki littafin. Shi ya sa dabarar fim ɗin 28 Days Later na 2002 ta fi kwanta mini, mutanen da ransu, cuta ce ta juyar da su, har ki ji tausayin wanda kike gudu.

To aminiya, gwada cire su daga labarinki ki gani. Idan har yanzu ana rigima kan wa zai sha ruwan ƙarshe, wa za a buɗe wa ƙofa, wa za a bari a hanya, labarinki ya tsayu, ki sako su in kin ga dama. Idan kuwa ya zube, ba gawa kike nema ba, mutane kike nema. Kuma don girman zumunci, in kin saka ni a ciki, kada ki bari a cinye ni tun babin farko, kin san ba na iya gudu!