Guzurin Mai Neman Ilmi: Nasiha Daga Gonin Gora

Duk wanda ya ƙetare gadar kogin Kaduna ya yi kudu, ya wuce Kakuri ya hau hanyar Abuja, zai iske Gonin Gora a bakin gari, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun. Unguwa ce mai hada-hada, ga motocin haya, ga masu talla a gefen titi, ga ƙabilu iri-iri. Ta nan da yawa daga 'ya'yanmu masu zuwa karatu Madina da Alƙahira ke bi su je filin jirgin sama na Abuja. Wanda ya wuce nan da mantuwa, komowa sai da asara. Don haka muka ga ya dace mu buɗe akwatin ɗalibi tun bai kai Gonin Gora ba.

Fita neman ilmi gabas gadonmu ne. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suna da makaranta tasu a Alƙahira. Marigayi Shehu Abubakar Gumi ya tafi Bakht er-Ruda ta ƙasar Sudan a 1954, kana aka buɗe Jami'ar Musulunci ta Madina a 1961. Magabata sun tafi da ɗan abin da suke iya ɗauka. Ɗalibin yau kuwa, galibi kilo 23 ake yarje masa a kowace jaka, kuma ya wajaba ya san abin da zai cika ta da shi.

Na farko tufafi. Zafin Hijaz ya fi na Kaduna nesa ba kusa ba. Da bazara Madina takan haura digiri 40, kuma a aikin Hajjin 2024 fiye da mutum 1,300 suka rasu, akasarinsu saboda zafi. To, a ɗinka wa yaro riguna na farin yadin auduga marar nauyi, irin wanda masaƙun Kakuri suka saba yi tun daga 1957 kafin su durƙushe. A bar shadda mai sitaci da yadin roba a gida. A haɗa masa da laima da gorar ruwa da man shafawa, domin iskar can busasshiya ce. Sai dai kada a manta da rigar sanyi guda, gama daren Disamba da Janairu a Madina da Alƙahira yakan yi ɗari ƙwarai.

Na biyu abinci. Yaji da kuka da daddawa kaɗan sun isa zango guda. Goro kuwa a haƙura da shi, don hukumomin alhazai sun sha gargaɗi a kan shiga da shi Saudiyya.

Na uku, kuma mafi hatsari, shi ne saƙo. Al'adarmu ce maƙwabci ya kawo ƙulli ya ce a kai wa wane, yaro ya ji nauyin buɗewa. Jama'a, hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a Saudiyya yakan kai ga kisa. A Disamba 2018 an kama wata ɗaliba da ta tashi daga Kano zuwa Umara, saboda wasu miyagu sun liƙa sunanta a jakar da ba tata ba. Ba ta kuɓuta ba sai ƙarshen Afrilu 2019. In wadda ba ta karɓi kome ba ta sha wannan wuya, ina ga wanda ya karɓa da hannunsa? Duk saƙon da za a ɗauka a kwance shi gaban mai shi. Ɗalibi ya ƙirga jakunkunansa, ya adana shaidar awon kowace. In yana shan wani magani, ya riƙe takardar likita.

Na huɗu takardu. Fasfo da takardar ɗauka makaranta da katin rigakafin shawara su zauna a ƙaramar jaka da ba ta rabuwa da jiki, tare da ɗan kuɗin ko-ta-kwana. A bar kwafinsu a hannun iyaye. Yaƙin da ya ɓarke a Hartum ran 15 ga Afrilu 2023 ya koya mana dalili. Ɗalibanmu sun fito a motoci zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a sahara kafin a kwaso su a watan Mayu. Littattafai da akwatuna da yawa can aka baro su, takarda ce ta ƙetarar da mutum.

Saboda haka muna kira ga 'yan kasuwa da ma'aikata, uba ya zauna da ɗansa daren tafiya su bincike kayan nan ɗaya bayan ɗaya. Kada a bar wa direba ko ɗan rakiya wannan aiki. Allah Ya kai su lafiya, Ya komo mana da su da ilmi mai amfani, amin.