Akuyar da ta tayar da asusunmu



Ni mutumin Dannet ne, neman abinci ya kai ni Arlit. A unguwarmu muka kafa ƙaramar ƙungiyar kokowa. Da yake na yi karatun yaƙi da jahilci, na iya lissafi, sai aka ba ni riƙon asusu.

A lokacin ba mu da matsalar kuɗi. Yawancin ƴan ƙungiya ma'aikatan ramin yuraniyom ne. Ƙarshen wata kowa ya ba da jika ɗaya. Da ita muke sallamar makaɗi, mu sayi ruwa, mu ba wanda ya yi kaye tukuici. Sai girman kai ya shige mu. Muka ce fage na ɗan ƙungiya ne da ƴaƴansa. Samarin daji da suka kawo bisashe kasuwa, daga bayan darni suke leƙe. Mata ba mu yi musu wurin zama ba. Wata rana ɗan yayana ya zo daga Dannet, ya roƙe ni ya shiga fage. Ni da bakina na ce masa babu sunansa cikin littafi. Har yau ina jin kunyar wannan magana.

Ran 31 ga watan Maris 2021 aka rufe ramin COMINAK na Akuta, wanda yake aiki tun 1978. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki. Mutanenmu da yawa suka ɗaure kaya, suka koma Tawa, Maraɗi da Damagaram. Kafin wata uku asusu ya bushe. Makaɗi ya daina zuwa.

Muka zauna shawara. Wani dattijo ya tuna mana yadda kokowar ƙasa ta samu ƙarfi. A 1975, zamanin shugaba Seyni Kunce, aka yi gasar farko a Tawa. Manomi da makiyayi da mahauci duk fage ɗaya suke shiga. Kowace jiha tana kawo ƴan kokowa 10, gasar kuma tana zagaya jihohi. Shi ya sa jama'a suka ɗauke ta tasu. Inda jama'a suka taru kuwa, nan ƴan kasuwa da masu kamfani suke kawo kyauta, a kan abin da gwamnati ta zuba.

Wasu suka ce: "Mu da ba mu da ko dala, da me za mu tarbi baƙi?" Gaskiyarsu. Rumfar mata kuɗi ce. Ƙarin ruwa kuɗi ne. Sai da muka ci bashi kafin muka kafa rumfar. Watannin farko faɗuwa muka yi.

Amma muka daure. Muka mai da wasa ranar da makiyaya suka fi shigowa kasuwa. Kuɗin ƙofa dala 20. Mata suka zo da ƴaƴansu, wasunsu suka kawo fura da ƙosai, suna ba asusu ɗan abu. Wani gurgu da muke hanawa shiga, shi muka ba tsaron ƙofa, lissafinsa bai taɓa karkacewa ba. Ranar da wani yaron daji ya yi kaye uku, ubansa ya jawo akuya ya ba ƙungiya. Da kuɗinta muka biya bashin rumfa.

Yanzu bayan kowane wasa ina karanta lissafi da ƙarfi, kowa ya ji abin da ya shiga da abin da ya fita. Kuɗinmu ba su kai na da ba. Amma daga hannu da yawa suke fitowa, in ɗaya ya janye ba mu faɗuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A watan Disamba 2023 aka yi gasar ƙasa a Agadas, Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobinsa na 6. Daga asusunmu muka biya wa yara biyu mota suka je kallo. Ɗayansu ɗan yayana ne.

Ku masu riƙon asusun ƙungiya a garuruwanku, ku duba bayan darni, ku ga wa kuka bari a tsaye.