Zumuntar Da Ba Ta Ƙare A Ƙofar Makaranta

A birnin Washington na Amurka akwai wata ƙungiyar mata baƙar fata da ake kira Xi Omega, wadda aka kafa a 1923. Reshe ce ta Alpha Kappa Alpha, watau ƙungiyar 'yan'uwantaka da wasu ɗalibai mata suka kafa a Jami'ar Howard ran 15 ga Janairu, 1908, bisa shawarar Ethel Hedgeman. Amma wannan reshe na waɗanda suka riga suka gama karatu ne, kusan irin abin da aka sani da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, sai dai shigarsa na har abada ne.

Dalilin kafa shi a fili yake. A wancan zamani wariyar launin fata ta yi katutu a Washington. Mace baƙa tana iya samun digiri, ta zama malamar makaranta, amma otal da gidan abinci na Turawa su hana ta zama. To, ina za ta kai iliminta da kuɗinta da ƙarfinta? Sai suka haɗa kai suka yi wa kansu inuwa. Suna taro a kai a kai, kowa ta biya kuɗin ƙungiya, a tara abin da za a biya wa 'yan mata kuɗin makaranta. Juna suke kira "soror", kalmar Latin mai nufin 'yar'uwa. Launinsu ruwan hoda da kore, alamarsu kuwa ganyen wani tsiro mai yaɗo a jikin bango. Ran da ɗayarsu ta rasu, sauran su taru da fararen kaya su yi mata ban kwana.

Masu suka kan ce ai wannan taron 'yan boko ne masu ji da kansu, sai ado da liyafa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin ba kowace mace ce ke iya shiga ba, sai mai karatun jami'a, kuma sai an gayyace ta. Amma wanda ya tsaya a nan bai kai ƙarshen labari ba.

A 1935 wata likita mazauniyar Washington, Dokta Dorothy Ferebee, ta jagoranci ayarin mata daga ƙungiyar zuwa jihar Mississippi, inda talakawa baƙar fata ke noman auduga a gonakin Turawa, likita kuwa sai dai su ji labarinsa. A motocinsu suka yi wannan doguwar tafiya. Da suka isa gundumar Holmes suka buɗe wuraren duba marasa lafiya, sai suka ga ba kowa. Ashe masu gonaki ne suka hana ma'aikatansu zuwa, don tsoron kada baƙin nan su buɗe musu ido. Matan ba su juya ba. Suka loda magunguna a motoci suka riƙa bin gona gona, a gindin itace ko a ƙofar coci, suna yi wa yara lamba ta agana da allurar maƙarau. Haka suka yi ta komawa kowace bazara har 1942, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya jawo ƙarancin man fetur aikin ya tsaya.

Wata kuma, Norma Boyd, malamar makaranta ce kuma tana cikin waɗanda suka soma reshen. Ita ta lura cewa majalisar dokokin ƙasa tana nan kusa da su, amma ba mai yi wa baƙar fata magana a cikinta kullum. A 1938 ta kafa wani ofishi na bin 'yan majalisa kan batun aikin yi da ilimi da 'yancin jefa ƙuri'a. A 1946 kuma ƙungiyar ta sami izinin zama 'yar kallo a Majalisar Ɗinkin Duniya.

Kamala Harris, wadda ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban Amurka daga 2021 zuwa 2025, a Howard ɗin ta shiga Alpha Kappa Alpha a 1986, shekara 78 bayan kafa ta.