Hikawa Maru, Jirgin Da Ya Ƙi Nutsewa

A bakin teku a birnin Yokohama na ƙasar Japan, daf da lambun shaƙatawa na Yamashita, akwai wani ƙaton baƙin jirgin ruwa ɗaure da sarƙoƙi tun 1961. Sunansa Hikawa Maru, tsawonsa mita 163. Yau gidan tarihi ne, kowa na iya yankar tikiti ya shiga.

Tun 1896 kamfanin NYK ya buɗe hanyar Japan zuwa Seattle ta Amurka da jirgin tururi Miike Maru, irin mai cin kwal ɗin nan da ma'aikata ke kwana suna zuba wa wuta da shebur. Hikawa Maru ya gaji wannan hanya a 1930, amma shi da injinan dizal biyu ƙirar Denmark. Da na ziyarce shi na gangara ɗakin injin, sai da na ɗaga kai sama kafin in ga ƙarshensu, ga warin tsohon mai har yanzu bai bar wurin ba.

A sama kuwa wata duniya ce daban. Ɗakin cin abincin manya wani Bafaranshe ne ya tsara adonsa: tebura da fararen mayafai, cokula a jere, fitilu lulluɓe da gilashi. A jirgin nan Charlie Chaplin ya yi tafiya a 1932, a cikinsa kuma Jigoro Kano, wanda ya ƙirƙiro wasan judo, ya rasu a 1938 yana dawowa daga taron Olamfik a Alƙahira. Da ka sauka wajen masu ƙaramin ƙarfi sai ka tarar da gadaje hawa-hawa kamar ɗakin kwanan makarantar kwana. Abin mamaki, ɗanyen siliki ma ɗakinsa daban aka ware masa, domin shi ne kaya mafi tsada, jiragen ƙasa na jira a Amurka su ruga da shi New York.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka shafe shi da farin fenti, aka mai da shi asibiti. Sau uku yana taka nakiya, bai nutse ba. 'Yan uwansa biyu, Hie Maru da Heian Maru, duk an nutsar da su. Bayan yaƙi ya kwaso sojoji gida, ya koma tsohuwar hanyarsa har 1960, inda ya yi ritaya bayan ƙetara Tekun Fasifik sau 254.

Da wani wuri ne da tuni an yanka shi an sayar da ƙarfen a kilo. Japanawa suka gyara abinsu, a 2016 gwamnati ta sa shi cikin muhimman kayan tarihin ƙasa. Duk wanda Allah Ya kai Tokyo, ya daure ya ƙarasa Yokohama, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba a jirgin ƙasa.