Jinin da ya kusa ƙare mini

'Yar'uwa mai karatu, in kina da ciki, ki tsaya gaban madubi ki ja fatar idonki ta ƙasa. Ja ce ko fara? Ki dubi tafin hannunki da harshenki. Ni ban san wannan ba sai da na sha wuya.

A cikina na huɗu, nan Icirnawa, damina ta same ni da wata biyar. Rumbu ya yi ƙasa, tuwo da miyar kuka kullum. In na ɗauko ruwa daga rijiya sai na zauna sau biyu a hanya. In na kama daka, zuciyata ta dinga bugu, jiri ya ɗebe ni. Uwar mijina ta ce: "Laulayi ne, 'yar nan, kowa ya yi shi." Ni ma haka na ɗauka.

Na je awo sau ɗaya. Malamar awo ta ba ni jajayen ƙwayoyi, ta ce ɗaya kowace rana. Na sha kwana uku, bayan gidana ya yi baƙi, na tsorata. Wata kuma ta ce suna sa jariri ya yi ƙato. Sai na zuba su cikin tsohon kwano na rufe.

Ranar haihuwa na zubar da jinin da bai kai ya kayar da mai lafiya ba, amma ni ya kayar da ni. Aka kai ni asibitin Matameye. Ƙanen mijina ne ya ba da jini aka ƙara mini. Yarinyar ta zo 'yar ƙarama, amma Allah ya raya ta.

Can aka yi mini bayani. Mai ciki jikinta na ƙera jini na mutum biyu, kuma jini ba ya ƙeruwa sai da sinadarin ƙarfe. Masassarar cizon sauro na fasa jinin. Tsutsar ciki na shan sa. Haihuwa kusa da kusa ba ta barin jiki ya maida abin da ya rasa. In an auna jinin mai ciki ya kasa 11, to ya yi kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019, cikin masu ciki 100 a duniya, 37 na da ƙarancin jini. A Nijar ma sun fi haka.

Baƙin bayan gida kuwa ba ciwo ba ne, aikin ƙwayar ne. Ba ta sa haihuwa ta yi wuya. Rashin jini shi ke kisa.

Don haka ki je awo da wuri, ki riƙa komawa. Ki sha ƙwayar kullum. In tana tayar miki da zuciya, ki sha bayan cin abincin dare. Ki karɓi Fansidar daga wata na huɗu, aƙalla sau 3. Ki kwana cikin sange. Ki ci wake, zogale, rama da yakuwa, da hanta in an samu. Kada ki bi abinci da shayi, yana hana ƙarfen shiga jiki. Lemun tsami kuwa yana taimaka masa.

Kai kuma malam, in ka ga matarka na haki bakin turmi, kada ka ce ragonci ne. Ɗaura amalanke ka kai ta awo.