Uban Da Ya Wanke Iyaye Mata Daga Zargi

A cikin shekarar 1956 aka haifa wa wani Ba'amurke mai suna Bernard Rimland ɗansa na fari. Shi Rimland masanin halayyar ɗan'adam ne, har da digirin dakta, yana yi wa rundunar sojan ruwa ta Amurka aikin bincike a birnin San Diego. Amma duk karatun nan bai tsinana masa kome ba sa'ad da jaririn ya shiga tsala ihu ba dare ba rana, ba ya ko son a ɗauke shi. Likitan yaran da suke zuwa wurinsa, wanda ya tsufa cikin aikin, ya rasa gane kan abin. Sai da yaro ya kai wajen shekara 2 sa'an nan uwarsa ta tuna da wani littafi da ta karanta a kwaleji. Suka tono shi daga cikin tarkace, suka ga siffar ɗansu a rubuce, da sunan lalurar, watau otizim, wadda 'yan jaridunmu suka laƙaba wa suna galahanga.

Wani likita ne mai suna Leo Kanner ya fara bayyana ta a 1943, bayan ya duba yara 11 a asibitin Johns Hopkins. To, amma bayanin da manyan masana na lokacin suka tsaya a kai ya fi lalurar kanta ɗaci. Cewa suka yi uwa ce ta jawo, wai zuciyarta sanyi gare ta kamar firji, yaro ya nemi ƙauna ya rasa, shi ya sa ya ƙulle kansa. Bruno Bettelheim na birnin Cikago ya fi kowa yayata wannan, har yana ganin maganin shi ne a raba yaro da iyayensa. Mai karatu da ya taɓa jin an ce da wata mata ita ta yi wanka da almuru har iskoki suka musanya mata ɗa, ya san nauyin irin wannan magana.

Rimland kuwa yana ganin matarsa kullum, ya san ƙarya ake yi mata. Ya duƙufa yana karanta duk abin da aka taɓa rubutawa a kan lalurar, shekara da shekaru, har a 1964 ya fitar da littafi inda ya nuna cewa tushen abin a ƙwaƙwalwa yake, halitta ce, ba reno ba. Kanner da kansa ya rubuta masa gabatarwa, kuma a 1969 ya tsaya gaban taron ƙungiyar iyayen da Rimland ya kafa, ya wanke su daga laifi. A 1977 Susan Folstein da Michael Rutter suka bincika tagwaye a Ingila: cikin tagwaye 11 'yan ƙwai ɗaya, an sami 4 da lalurar ta shafi Hassan da Husaini duka, cikin 10 da ba 'yan ƙwai ɗaya ba kuwa ko guda babu. Gado ya bayyana, gaskiyar Rimland ta fito.

Da nan labarin ya tsaya, da sai yabo. Amma uba uba ne. Tun da abin a jiki yake, in ji zuciyarsa, lalle akwai abin da za a ba jikin ya warware. Ya fara da bitamin B6 mai yawa haɗe da maganiziyam. Cibiyar da ya buɗe a 1967 ta riƙa tattara shaidar dubban iyaye a kan abin da suka gwada, a 1995 kuma ya haɗa kan wasu likitoci ƙarƙashin wani shiri da ake kira DAN, wanda ma'anar sunansa ita ce a ci galabar otizim yanzu. Daga nan ƙofa ta buɗe: a hana yaro alkama da madara, a ba shi maganin kashe gwaiwar hanji, a aske gashinsa a aika ɗakin awo.

Labarin sikiritin ya isa misali. Wani sinadari ne da hanji ke fitarwa don taimakon narkar da abinci. A 1998 aka ba da labarin yara 3 da aka yi wa allurarsa wajen binciken ciki, wai sai bakinsu ya buɗe. Talbijin ya ɗauka, Rimland ya yaba, iyaye suka yi ca, ana biyan kuɗi masu yawa. A 1999 aka raba yara 60 gida biyu, rabi aka yi musu sikiritin, rabi ruwan gishiri, ba likita ba iyaye ba wanda ya san wa ya sami wanne. Da aka ƙididdige, sai ga 'yan ruwan gishiri sun yi ci gaba daidai da 'yan magani. Ba ƙarya iyayen suka yi ba. Yaro dai girma yake yi, yau da sauƙi gobe da wuya, wanda kuma ya kashe dukiyarsa yana jiran ya ga haske, ko walƙiya ya gani sai ya ce asuba ce. Shaidar da Rimland ya gina gidansa a kanta ke nan.

Mafi muni shi ne zancen zaiba. Ya yarda cewa zaibar da ake sa wa wasu alluran rigakafi don kada su lalace ita ke kawo lalurar. An cire ta daga alluran yara a Amurka wajen 2001, yawan masu otizim bai ragu ba. Takardar da Andrew Wakefield ya buga a 1998 kan yara 12, wadda ta ɗora laifi a kan allurar ƙyanda, mujallar Lancet ta janye ta a 2010, aka kuma kore shi daga aikin likita, a 2019 binciken yara fiye da 650,000 a Danmak bai ga wata alaƙa ba. Amma kafin nan an riga an ƙirƙiro awo mai ban mamaki. Sai a ba yaro maganin da ke jawo ƙarfe daga jiki, a auna fitsarinsa, a gwada shi da ma'aunin wanda bai sha kome ba. Kowane mahaluki aka yi wa haka sai an ga ƙarfe ya hau. Sai a nuna wa uwa takarda a ce ga guba nan, a fara wankin jini. Shi wannan magani na gaske ne a muhallinsa, da irinsa aka ceci yara a Zamfara lokacin gubar dalma ta 2010. A 2005 kuwa wani yaro ɗan shekara 5 da aka kawo daga Ingila ya rasu a jihar Pensilbaniya ana cikin yi masa, domin maganin ya zuƙe kalshiyam ɗin jininsa har zuciya ta tsaya.

Har yau babu awon jini ko na fitsari ko na gashi da ke tabbatar da otizim. Ƙwararru kan gane ta ne ta hanyar lura da yaro da tambayar iyaye, bayan an tabbata kunnensa na ji. Awon ƙwayoyin gado yakan bayyana dalili ga wasu. Farfaɗiya da rashin barci da taurin bayan gida duk ana maganinsu. Maganin risperidone da hukumar Amurka ta amince da shi a 2006 yana rage fushi da cutar da kai ne kawai, shi ma yana sa ƙiba. Abin da ya fi ɗorewa shi ne koyar da magana da mu'amala tun da wuri, kuma a yi wa Rimland adalci, yana cikin waɗanda suka fara goyon bayan wannan.

Ya rasu a watan Nuwamba na 2006 yana da shekara 78, cibiyarsa kuma ta rufe shirin DAN a 2011. Ɗan nasa, wanda a lokacin rasuwar yake da shekara 50, bai rabu da otizim ba. Ya zama mai zane, har ana baje kolin zane-zanensa.