Kifayen da ke yawo a kwamfutar Kawu

 Yau da maganar kwamfuta na zo muku. Ku yi haƙuri ku biyo ni, za ku ga inda ta haɗu da aikina na harhaɗa magunguna.

Ranar Asabar da ta wuce Kawuna ya aiko yaro ya kira ni. Shagonsa yana nan Idi-Araba, ba nisa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, kuma ya fi shekara 20 yana buga wa ɗalibai takardu a wurin. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kama sunana ba, sai dai ya ce "Uwata". Na same shi ya tasa sabuwar kwamfuta a gaba, wadda ɗansa ya sayo masa a babbar kasuwar kwamfuta ta Ikeja.

"Uwata," in ji shi, "abu biyu nake so. Ki sa mini kifayen nan masu yawo, kada allon ya ƙone kamar na da. In kin koma kuma ki aiko mini da maganin ɗigawa, kwana biyu idona ja yake yi."

Kifayen da yake nufi su ne abin da ake kira sikirin seba, wato hoton nan mai motsi da yake fitowa ya rufe allon kwamfuta idan an ɗan jima ba a taɓa ta ba. Na san da yawa daga cikinku kuna da shi a kwamfutar gida ko ta ofis, wasu kifaye, wasu sunan yaro yana lilo, wasu hotunan biki suna sauyawa. Tambayar da Kawu bai yi ba, amma ya kamata mu yi, ita ce: har yanzu wannan abu yana kare allo kuwa?

Kawu yana da dalilinsa, ni shaida ce. Ina 'yar firamare lokacin da ya sayi kwamfutarsa ta farko, mai allo irin na da, mai ƙaton ƙusumbi a baya, wanda sai namiji mai ƙarfi ke ɗauka. Bayan wasu shekaru, ko an kashe ta, idan ka matsa kusa za ka ga inuwar layin nan na ƙasa da inuwar wasu rubuce-rubuce a sama, sun zauna daram a jikin gilashin. Mu yara cewa muke yi aljani ne a ciki, ba ma yarda mu kwana a shagon.

Ga abin da yake faruwa. A cikin ƙusumbin akwai wata na'ura mai harbo ƙwayoyin lantarki zuwa bayan gilashin. Shi kuma bayan gilashin an shafe shi da wani sinadari da ake kira fosfo, wanda yake haskakawa duk inda harbin ya same shi. Inda aka fi duka, nan yake fara gajiya. Uwargida, kin san yadda atamfa take yi idan aka manta da ita a ninke a rana: inda rana ta doka ya koɗe, inda ke ɓoye yana nan da launinsa. Haka allon yake yi idan hoto ɗaya ya daɗe a wuri ɗaya. Maganin da aka samo shi ne a sa hoto mai yawo, domin gajiyar ta rarrabu ko'ina. A shekarar 1989 wani kamfani a Amurka mai suna Berkeley Systems ya fitar da manhajar After Dark, wadda ta mayar da abin ya zama ado, daga baya Windows ma ta zo da nata, irin bututun nan masu tsirowa suna lanƙwasa. Magani ne na gaskiya, ga cuta ta gaskiya.

Sai dai tun a wancan zamanin an samo abin da ya fi shi. A 1992 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fito da tsarin Energy Star, wanda ya ƙarfafa kamfanoni su ƙera allon da zai yi barci da kansa idan ba a amfani da shi. Allon da ya yi duhu ba abin da ke dukansa, balle ya ƙone.

Allon da Kawu ya saya yanzu, da na kusan kowace laftof da ke gidajenku, nau'in LCD ne. Babu harbi a cikinsa, babu fosfo. Fitila ce a baya take ba da haske, a gabanta kuma akwai miliyoyin 'yan ƙananan tagogi da suke buɗewa suna rufewa domin su fitar da hoto. Talabijin ɗin bango da 'yan kasuwa ke kira LED ma wannan nau'in ne, sunan fitilar bayan kawai aka ɗauka. Irin wannan allo yakan ɗan riƙe inuwar hoto idan ya daɗe ƙwarai a wuri ɗaya, amma galibi da an kashe shi ya huta sai inuwar ta tafi. Abin da yake tsufa a jikinsa shi ne fitilar bayan, ita kuwa a kunne take duk tsawon lokacin da kifaye ke iyo. Ashe ke nan sikirin seba ba ya ƙara wa irin wannan allo kwana, ragewa ma yake yi.

A nan ne na tuna wata dattijuwa da ta zo wurina a bara. Shekara uku da suka wuce ta karye a hannu, likita ya rubuta mata maganin rage zafi na mako biyu. Hannu ya warke tuntuni, ita kuwa ba ta daina saye tana sha ba, wai don kada ciwon ya dawo. Abin da ya kawo ta wurina ƙunar ciki ce, kuma maganin ne ya jawo mata. Don Allah kada wani ya fahimce ni a baibai: maganin hawan jini da na ciwon suga ba a daina su don an ji sauƙi, sai da umarnin likita. Amma kowane magani yana da cutar da aka yi shi dominta, kuma ya kamata lokaci zuwa lokaci mutum ya tambaya ko cutar tana nan. Idan ta tafi, illar maganin kaɗai ce ta rage.

Illar farko ta sikirin seba kuɗin wuta ne. Allon LCD matsakaici yakan ci wajen wat 20 zuwa 30 idan yana kunne, amma idan ya yi barci da ƙyar yake kai wat 1. Mu ɗauki wat 25. Idan aka bar shi awa 10 kowane dare, a wata guda ya cinye yunit 7 da rabi na mitar kati. A farashin Naira 225 da aka sa wa 'yan rukunin A a watan Afrilun 2024, wannan ya kusa Naira 1,700, kuma allon kaɗai ke nan, ba a lissafa ita kanta kwamfutar da aka bari a kunne ba. Masu janareta sun san abin da litar fetur ta koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Masu inbata kuma, wutar da kifaye suka sha cikin dare ita ce wadda fanka za ta nema da asuba a ɗakin yara ta rasa.

Duk da haka tsohuwar cutar ba ta mutu gaba ɗaya ba, gida ta sauya. Akwai allon da ake kira OLED, ko AMOLED a waya. Shi ne a manyan wayoyin Samsung, da iPhone X ta 2017 da yawancin waɗanda suka biyo ta, da wasu daga cikin wayoyin Tecno da Infinix, da kuma talabijin masu tsada irin waɗanda LG ya fara sayarwa a 2013. A wannan allo kowane ɗigo shi ke ba da haskensa, kuma wanda ya fi aiki shi ke fara dushewa. Shi ya sa za ku ga tsohuwar waya da inuwar kibod ko ta alamomin TikTok a gefe, ko talabijin da tambarin tasha ya zauna a kusurwarta saboda tasha ɗaya ake bari tun safe har dare. Idan irin wannan allo gare ku, ku rage haskensa, ku saita waya ta riƙa mutuwa bayan daƙiƙa 30 ko minti 1, ku riƙa sauya tasha. Talabijin ɗin kuma ku kashe ta da rimot ku ɗan ba ta lokaci kafin ku zare soket, domin a wannan hutun ne take daidaita ɗigoginta. Hoto mai motsi ya fi hoton da ya tsaya cik a kan OLED, wannan gaskiya ne. Amma kashewa ta fi duka biyun.

Illa ta biyu ita ce wadda ta sa na zaɓi wannan maudu'i, kuma laifina ne zan ba ku labari. Farkon fara aikina, a wani shagon magani da ba zan faɗi sunansa ba, muna da kwamfuta a kan kanta inda muke shigar da sunan majiyyaci da maganin da ya karɓa. Wata rana na shigar da bayanan wata baiwar Allah 'yar unguwarmu da ta karɓi maganin neman haihuwa, ta kuma roƙe ni kada kowa ya ji. Aka kira ni ciki. Na waiga na ga kifaye sun rufe allon, sai hankalina ya kwanta na tafi. Ban yi minti biyar ba. Kafin na dawo, wata mata da ke jira ta ɗora jakarta a kan kanta, jakar ta taɓa linzamin kwamfutar, kifaye suka watse, suna da magani suka fito ɓaro-ɓaro. Ku da kuke zaune a Idi-Araba ko Agege kun san yadda zango yake, kowa ya san kowa. Mako bai zagayo ba magana ta kai gidan surukanta. Na je har gida na ba ta haƙuri, ta ce ta yafe, amma ba ta sake taka ƙofar shagon ba. Shekaru sun wuce, har yau idan muka haɗu a wurin suna ko biki nauyi nake ji.

Abin da na ɗauka ƙofa ce, ashe labule ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye sirrin majiyyaci, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman. Ko babu doka ma, amana ce. Kuma ba mu ma'aikatan lafiya kaɗai abin ya shafa ba. A kwamfutar gidanku akwai sakamakon gwajin asibiti, da saƙon banki, da hotunan iyali. A ta Kawu akwai takardun mutane da katin shaidarsu. Idan kuna son sikirin seba don ado, ku shiga saitinsa ku zaɓi wurin da ya ce a nemi kalmar sirri kafin a koma aiki. Wannan ne kaɗai amfanin da ya rage masa a yawancin kwamfutoci. Ni dai tun daga ranar nan, ko ruwa zan tashi in sha sai na danna maɓallin da ke da tambarin Windows tare da harafin L, allon ya kulle nan take.

Saura maganar idon Kawu. Na ce masa, "Kawu, ka damu da lafiyar allo, naka idon fa?" Ya yi dariya. Mutum yakan ƙifta ido wajen sau 15 a minti guda, amma idan ya ƙura wa allo ido ƙiftawar takan ragu zuwa rabi ko ƙasa da haka, sai ido ya bushe, ya yi ja, ya riƙa yaji kamar an zuba yashi. Likitocin ido suna ba da shawarar cewa duk bayan minti 20 a ɗauke kai a kalli wani abu mai nisan kamar mita 6 na tsawon daƙiƙa 20. Yara kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 a gaban allo, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa 1 a rana. Na ƙi aika masa maganin da ya saba saye, domin yana ɗauke da sinadarin sitiroyid. Yana kawar da ja da sauri, amma yawan amfani da shi ba tare da likita ba yana iya ɗaga matsin ruwan ido har ya kai ga gilakoma, ciwon da ke cinye gani a hankali ba tare da zafi ba. Ruwan ɗigawa mai jiƙa ido kawai na ba shi, muka kuma yi alƙawarin zai je a auna masa idon, tunda ya haura shekara 60.

Kafin na bar shagon na saita masa allon ya riƙa mutuwa bayan minti 5, kwamfutar ta yi barci bayan minti 15, kuma ba za ta buɗe ba sai da kalmar sirri. Ya zauna yana kallon allon har ya yi baƙi, ya taɓa linzami, ya ga ya dawo lafiya lau. Sai ya ce, "To Uwata, na ji. Amma kifayen nan suna ɗebe mini kewa idan babu kwastoma." Na ce masa idan kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya, amma ban hana shi kifi ba. Na mayar masa da hotonsu ya zama shimfiɗar allon, yana ganin su duk lokacin da ya kunna.

Yau da daddare kafin ku kwanta, ku duba kwamfutar gidanku. Idan kun tarar da wani abu yana yawo a kanta ba kowa a wurin, ku kashe, ku kuma sa mata kalmar sirri. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya rufa mana asiri. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.